Sikanin, siti ko emarai: wanne hoton kai ya dace da yaronka?

Duk lokacin da likita ya duba yaro ya ce sai an yi masa hoton kai, hankalin iyaye tashi yake, kuma maganar farko da take fitowa daga bakin uban yaro ita ce "likita a yi masa wanda ya fi kyau ko nawa ne". Toh anan gizo yake saƙar, domin a hoton kan yara babu wani guda ɗaya da ya fi sauran a kowane hali, kuma tsada ba ita ce take nuna dacewa ba. Akwai jaririn da hoto mafi araha shi ne daidai da shi, akwai kuma yaron da in aka tsaya jiran layin hoto mafi tsada za a iya rasa shi kafin layin ya zo kansa. Abu biyu ne suke raba gardama tun kafin a zo maganar kuɗi: maɗigar yaron tana buɗe ko ta rufe, sannan abin na gaggawa ne ko zai iya jiran kwanaki.

Bari na fara sallamar eksire domin bashi da wani dogon zance anan. Eksire yana da amfani sosai a ƙirji da karayar hannu ko ƙafa, tun 1895 da Röntgen ya gano shi a Jamus ake cin moriyarsa, amma a kai ƙashi kawai yake nunawa. Yaro zai iya samun jini ya taru a cikin kansa eksire ya fito tas ba tsagewa, iyaye su koma gida da murna alhali matsalar tana ciki. In an ce muku a yi eksiren kai don a ga ko ƙwaƙwalwa lafiya take, ku sake tambaya da kyau.

Sikanin shi ne dai irin wanda ake yi wa masu ciki, sauti ne ake turawa ya dawo na'ura ta mayar da shi hoto, babu radiyeshan (hasken nan mai ratsa jiki irin na eksire) ko kaɗan, babu allura, babu maganin barci. Matsalarsa ɗaya ita ce baya ratsa ƙashi mai kauri, shi yasa ba a yi wa babba sikanin ƙwaƙwalwa. Amma jariri Allah ya bar masa taga a tsakar kai, wato maɗiga, wurin nan mai laushi da kake ganin yana motsi in yana numfashi ko kuka. A nan ake shafa jel a ɗora ɗan ƙaramin kan na'urar, uwa tana riƙe da shi a cinya, wani lokaci ma yana shan nono ake yi, cikin minti goma zuwa sha biyar an gama. Yawancin yara maɗigarsu tana rufewa tsakanin wata 12 zuwa 18, kuma tun kafin ta rufe gaba ɗaya take ƙanƙancewa, saboda haka mafi kyawun hoto a watannin farko ake samunsa.

Wa ya fi dacewa da wannan? Na farko bakwaini, musamman wanda aka haifa ƙasa da sati 30 zuwa 32, domin jijiyoyin jinin da suke kusa da ramukan ruwan ƙwaƙwalwarsa basu yi ƙwari ba, suna iya zubar da jini a kwanakin farko ba tare da an ga wata alama a waje ba. Irin wannan jaririn yana cikin kwalba da oksijin a hanci, ba a son a ɗauke shi a kai shi wani gini, toh na'urar sikanin ita ake turowa har gefen kwalbar, a yi a satin farko ko na biyu, a sake maimaitawa sau nawa ake so ba tare da tsoron komai ba. Na biyu jaririn da kansa yake girma fiye da ƙima. Na uku wanda ya yi sanƙarau ko wani zazzaɓi mai tsanani yana jariri ana so a ga ko ruwa ya fara taruwa ko ƙurji ya fito.

Maganar girman kai ɗin nan zan ɗan tsaya a kanta domin ita ce ake yawan makara da ita. Jaririn da ya cika wata tara ana haifarsa da zagayen kai kimanin santimita 34 zuwa 35, a wata ukun farko yana ƙara kusan santimita 2 duk wata, daga nan ya koma 1 har wata shida, sannan rabi-rabi har shekara. Tef ɗin awo irin na tela shi ne gwajin farko, kuma duk zuwa rigakafi ya kamata ku roƙi nas ta auna ta rubuta a kati. In kan yana tsallake wannan lissafin, maɗiga ta kumbura ta yi tauri ko da yaro yana zaune shiru, jijiyoyin fatar kai sun fito raɗa-raɗa, idanu suna kallon ƙasa farin ido ya bayyana a sama, toh wannan ba "kan gidansu ne haka" ba, a je a yi sikanin. A cikin minti kaɗan zai nuna ko ramukan ruwan sun faɗaɗa. A wani asibitin yara dake Mbale a Yuganda, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Benjamin Warf ya bibiyi yaran da aka kawo masa da ruwa a kai ya ga kusan kashi 60 cikin ɗari ciwon da ƙwayar cuta ta jawo bayan haihuwa ne sanadi, ba halitta ba ce, kaga kenan jaririn da ya yi zazzaɓi da jijjiga a watan farko ya kamata a sa wa kansa ido sosai ko da ya warke.

Wani abu kuma da iyayenmu mata suke yi, in maɗiga ta faɗa sai a kwaɓa magani a shafe ta da shi har ya bushe ya yi ɓawo. Faɗawar maɗiga yawanci ƙarancin ruwa ne a jiki daga gudawa ko amai, maganinsa ruwan gishiri da sukari da nono da kai shi asibiti, ba hoto ake buƙata ba ma. In kuma za a je sikanin a wanke wurin tas da ruwan ɗumi, domin ɓawon nan yana hana na'urar manne wa fata, hoton ya fito dishi-dishi.

Sai dai kar na yabi sikanin na ɓoye aibinsa. Yana ganin tsakiyar ƙwaƙwalwa da kyau amma gefe-gefen da suke manne da ƙoƙon kai da can ƙeya baya ganinsu sosai, ƙananan tabo ma suna iya wuce shi. Babban abin kuma shi ne ya dogara da hannun mai yi. Wanda ya ƙware a sikanin masu ciki ba lallai ya iya na kan jariri ba, kuma ba kowane shago ne yake da ƙaramin kan na'urar da ya dace da maɗiga ba. Ku tambaya kai tsaye, "kuna yin na kan jarirai anan, kuma wa zai karanta?" In suka fara kame-kame ku nemi babban asibiti.

Yanzu siti, wanda a takarda zaku ga an rubuta CT. Shi eksire ne da yake zagaye kai yana ɗauka ta kowace kusurwa, kwamfuta ta haɗa ta fitar da kan yanka-yanka. Godfrey Hounsfield ne ya ƙera shi, aka fara gwada shi a kan mara lafiya a Landan a 1971. Ƙarfinsa sauri ne, ɗaukar hoton kanta daƙiƙu ne, yaro yana kwanciya kafin ya gama tsorata an gama, sau da yawa ba a buƙatar maganin barci. Sabon jini da karayar ƙoƙon kai kuwa yana nuna su ɓaro-ɓaro. Saboda haka yaron da mashin ko adaidaita ya buge, ko ya faɗo daga bene ko bishiya, ya suma ko yana ta amai ko yana barcin da ba a iya tashinsa, wannan siti ne maganarsa, kuma yanzu-yanzu ba gobe ba. Akwai irin jinin da yake taruwa tsakanin ƙashi da rigar ƙwaƙwalwa wanda yaro zai faɗi ya tashi ya yi kuka ya koma wasa, bayan 'yan awanni ya fara layi da amai, in aka gano da wuri aka buɗe aka kwashe yawanci warkewa yake sarai, in aka makara kuma sai dai haƙuri. Dan Allah duk abin da zan faɗa a ƙasa game da radiyeshan kar ya sa wani ya hana a yi wa irin wannan yaron siti.

Toh amma radiyeshan ɗin gaskiya ne, ba jita-jita ba ne. Kowannenmu yana shan kimanin milisibat (ma'aunin radiyeshan kenan) 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sama ba tare da ya je asibiti ba. Eksiren ƙirji guda ɗaya kusan 0.02 ne, wato na 'yan kwanaki. Siti na kai kuwa yana kai wa wajen 2, kamar eksiren ƙirji ɗari kenan a zama ɗaya. Kuma yaro ba kamar babba ba ne, jikinsa yana kan girma ƙwayoyin halittarsa suna ta rabuwa, ga shekaru masu yawa a gabansa da illa za ta iya bayyana, sannan in aka bar na'urar a saitin manya ƙaramin kai ya fi shan abin da ya wuce buƙata.

An yi bincike manya a kan wannan. A 2012 mujallar Lancet ta fitar da na Birtaniya da aka bibiyi yara da matasa kusan 180,000 da aka yi wa siti tsakanin 1985 da 2002, aka ga cewa siti na kai biyu zuwa uku yana iya ninka haɗarin fitowar ƙari, wato tsiro, a ƙwaƙwalwa kusan sau uku, biyar zuwa goma kuma ya ninka na kansar jini haka. Jin "sau uku" yana tayar da hankali, amma ku ji ɗaya ɓangaren: cututtukan nan dama ba kasafai suke samun yara ba, saboda haka lissafin masu binciken shi ne cikin yara 10,000 'yan ƙasa da shekara goma da aka yi wa siti na kai, za a samu ƙarin mutum ɗaya mai kansar jini da ɗaya mai ƙarin ƙwaƙwalwa a shekaru goman da suka biyo baya. A 2023 wani binciken da ya haɗa ƙasashen Turai tara da mutum sama da 900,000 ya zo da abu makamancin haka, cikin yara 10,000 ana sa ran ɗaya zuwa biyu su kamu da kansar jini ko ta kaluluwa cikin shekara 12 sanadiyyar hoton. A ganina ma'anar wannan a fili take, in akwai dalili mai ƙarfi haɗarin ƙarami ne ƙwarai idan aka kwatanta da jini a kai, in kuma babu dalili toh me yasa za a saka yaro cikin wannan lissafin don kawai hankalin babansa ya kwanta?

Kuma an samu hanyar gane wanda baya buƙata. A 2009 wata ƙungiyar asibitocin gaggawa na yara a Amurka mai suna PECARN ta duba yara 42,412 da suka bugu a kai, ta fitar da alamomi. Ga ɗan ƙasa da shekara biyu: yana cikin hayyacinsa, bai suma ba ko suman bai kai daƙiƙa biyar ba, babu ƙulu a gefen kai ko ƙeya sai dai a goshi, likita bai taɓa ya ji karaya ba, faɗuwar bata wuce tsayin kusan mita ɗaya ba, sannan uwa ta ce yadda ta san shi haka yake. Ga wanda ya kai shekara biyu zuwa sama: yana cikin hayyacinsa, bai suma ba, baya amai, babu matsanancin ciwon kai, babu jini ko farin ruwa daga kunne ko hanci ko taruwar jini bayan kunne, faɗuwar bata wuce mita ɗaya da rabi ba. In duk wannan ya cika, kuma ba mummunan hatsarin mota ko mashin ba ne, yiwuwar akwai mummunan rauni a ciki kusan babu, sa ido ya wadatar. Ku lura da cewa maganar uwa tana cikin ma'aunin, in kin ce "likita yaron nan ba haka yake ba" wannan hujja ce, ki faɗa kar ki ji nauyi. Jaririn da ya mirgino daga katifa ya yi kuka ya kama nono ya ci gaba da harkarsa, yawanci abin da yake buƙata likita ya duba shi a sa masa ido na awanni, ba siti ba. Amma likita ne zai yanke wannan bayan ya taɓa yaron, musamman 'yan ƙasa da wata uku da alamunsu suke da wuyar karantawa.

In kuma ta tabbata sai an yi, ku tambayi mai na'urar ko zai sauke ta zuwa saitin yara, kuma a ɗauki wurin da ake buƙata kawai, zagaye ɗaya. Wannan ba rashin kunya ba ne, tun 2007 masana hoton yara suka kafa gamayyar Image Gently a kan wannan maganar kaɗai, ma'aikacin da ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar.

Sai emarai, MRI a takarda. Babu radiyeshan a cikinsa, maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske da igiyar rediyo, kuma in dai naman ƙwaƙwalwa ake son gani babu kamarsa. Tabon da rashin iska lokacin haihuwa ya bari, illar shawarar da ta hau kan jariri, wurin da farfaɗiya take tasowa, ƙari musamman na can ƙeya inda siti yake shan wahala saboda kaurin ƙashi, matsalar laka, duk shi ne gwaninsu. Yaron da ya kai shekara baya zama, ko wanda hannu da ƙafar gefe ɗaya suka sandare, ko mai ciwon kai da aman safe da tangaɗi na makonni, in za a kashe kuɗi sau ɗaya gara a tara a yi emarai da a yi siti ya fito "babu komai" a dawo a sake biyan emarai ɗin. Wannan asarar biyu-biyu tana yawan faruwa kuma tana ci min rai, domin yawanci talaka ne take faɗawa.

Wahalarsa kuma ba kaɗan ba ce. Yana ɗaukar minti 20 zuwa 45, dole yaro ya kwanta ko motsi babu a cikin rami mai ƙara kamar ana buga ƙarfe, ƙarar tana wuce desibel 100 a ma'aunin ƙara, shi yasa ake toshe kunne. Ɗan shekara bakwai zuwa sama in aka yi masa bayani aka bar uwarsa ta riƙe masa ƙafa yawanci yana iya jurewa. Jariri ɗan ƙasa da wata uku shi ma akwai dabara, a hana shi barci kaɗan kafin lokacin, a ɗan ja masa nono, ana gab da shiga a ba shi ya ƙoshi, a naɗe shi tam a zani a toshe masa kunne, sai ya yi barcinsa a gama ba magani. 'Yan tsakiya ne matsala, daga wata shida zuwa shekara biyar ko shida, su kam sai an sa su barci.

Ni a wurina haɗarin emarai ba a na'urar yake ba, a maganin barcin yake, kuma ba maganin kansa ba, wanda yake tsaye a kan yaron. Ku tambaya, wa zai bada maganin, likitan barci ne ko kuwa? Akwai abin auna iska da bugun zuciya da yake aiki a cikin ɗakin? Akwai oksijin a kusa? In yaro yana mura ko tari ko yana da sikila ko ciwon zuciya ku faɗa tun kafin ranar. Za a ce ku hana shi abinci, yawanci awa 6 ga abinci da madarar gwangwani, awa 4 ga nonon uwa, awa 2 ga ruwa zalla, kar tausayi ya sa kaka ta ɗura masa koko a hanya a ɓoye, domin in ya yi amai cikin barci huhu yake tafiya. Game da ko maganin yana taɓa basira, hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2016 a kan barcin da ya wuce awa uku ko wanda ake ta maimaitawa ga 'yan ƙasa da shekara uku, amma wani babban gwaji da aka wallafa a 2019 ya nuna barcin kusan awa ɗaya sau ɗaya a jarirantaka bai rage wa yara basira ba da aka auna su suna shekara biyar. Emarai ɗaya yana cikin wannan gajeren.

Ƙarfe kuma ba wasa. Laya da guru da 'yan kunnen jaririya da awarwaro, fil ɗin mayafi da ribbon mai ƙarfe na uwar da za ta shiga, waya, makulli, katin banki, duk a waje. Kwalli ma a goge, yana iya ɓata hoton wajen ido. Maganaɗisun a kunne yake dare da rana ko ba a aiki, a 2001 a jihar New York tukunyar oksijin ta ƙarfe da aka shigo da ita ɗakin ta fizgu ta bugi wani yaro ɗan shekara shida a kai ya rasu. In an taɓa yi wa yaro aiki an sa masa wani abu a jiki, ku zo da takardar.

Duka siti da emarai wani lokaci ana ƙara allurar ruwa ta jijiya don ƙari ko ƙurji ya fito fili, in za a yi a duba ƙoda tukuna, ku kuma faɗa in yaron ya taɓa samun rikicewa bayan wata allura. Ba kowane hoto ne yake buƙatarta ba, siti na buguwar kai ba a sa ta.

Jijjiga ita ce take kai iyaye da yawa ɗakin hoto ba gaira ba dalili. Yaro tsakanin wata shida da shekara biyar, zazzaɓi ya yi zafi ya yi jijjiga ta duk jiki ƙasa da minti 15, ya farfaɗo ya dawo daidai, bata sake dawowa a wannan yinin ba, wannan baya buƙatar hoton kai ko wanne iri ne, abin nema shi ne me ya kawo zazzaɓin, a yi gwajin maleriya a tabbatar ba sanƙarau ba ne. Wanda yake jijjiga ba zazzaɓi, tana maimaituwa ko tana kama gefe ɗaya, shi ne na emarai da gwajin da ake manna wayoyi a kai don auna aikin ƙwaƙwalwa, kuma yawanci zai iya jiran layi. Wanda maleriya ta taɓa wa ƙwaƙwalwa ya suma kuwa allurar maleriya ta atesunet yake buƙata nan take, ba yawon neman hoto ba. Hoto ya yi amfani a wannan ciwon ta fuskar bincike, a Blantyre ta Malawi an saka yara 168 masu irin wannan suman a emarai, sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna cikin 25 da suka rasu 21 ƙwaƙwalwarsu ta kumbura matuƙa, wannan ya taimaka aka gane abin da yake tsayar musu da numfashi, amma ba wai ana jiran hoto kafin a fara magani ba ne.

Akwai wani sikanin na daban da nake so duk mai ɗa ko 'ya mai sikila ya sani, kuma shi baya buƙatar maɗiga. Ana ɗora na'urar a gefen kai gaban kunne inda ƙashi bashi da kauri, ba hoton ƙwaƙwalwa ake nema ba, gudun jini a manyan jijiyoyi ake aunawa, a takarda TCD ake rubutawa. In gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, jijiyar ta tsuke kenan, kuma irin wannan yaron in aka bar shi haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana kai wa kusan kashi 10 cikin ɗari duk shekara. Tun 1998 wani gwaji a Amurka ya nuna ƙarin jini a kai a kai yana rage haɗarin da kusan kashi 90, amma a nan ina za a samu jinin duk wata? Shi yasa aikin da aka yi a asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala da Barau Dikko na Kaduna tare da jami'ar Vanderbilt ta Amurka yake da muhimmanci a wurinmu, yara 220 masu wannan gudun jinin aka ba ƙwayar haidiroksiyuriya, rabi ƙaramin awo rabi matsakaici, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna duka biyun shanyewar ta yi ƙasa sosai da abin da aka sani ga wanda ba a ba komai ba. Ana so a riƙa wannan awon duk shekara daga shekara 2 zuwa 16 tun yaro yana lafiyarsa ƙalau, ba sai baki ya karkace ba. Ku tambaya a kilinik ɗin sikila. Siti baya maye gurbinsa, emarai ma aikinsa daban, shi yake kama ƙananan shanyewar da basu nuna alama a jiki ba sai dai a ga yaro ya fara ja baya a makaranta.

A ɓangaren aljihu jerin a bayyane yake, sikanin ne mafi sauƙi, siti ya ninka shi sau da yawa, emarai ya fi duka, ga kuɗin maganin barci da na allurar ruwa daban, ga kuɗin mota domin sai manyan birane, wani lokaci ka je a ce na'ura ta lalace ko ana jiran wuta. Shi yasa kafin ku biya ku tambayi likitan abu ɗaya cikin ladabi, "likita in hoton ya nuna abin da kake zato me za a canza a maganin?" In amsar ita ce za a yi aiki ko za a sauya magani, ku nemo kuɗin. In amsar ita ce ko ya nuna ko bai nuna ba gashin ƙashi da motsa jiki za a ci gaba da yi, toh kuna da damar ku fara da wannan ku yi hoton in hali ya samu. Akwai ƙaramar na'urar emarai mai taya da aka amince da ita a Amurka a 2020, ƙarfin maganaɗisunta tesla 0.064 ne a maimakon 1.5 na manyan, a soket ɗin bango ake jona ta, an gwada ta a Malawi, hotonta bai kai na babbar ba amma tana nuna ruwa a kai, sai dai har yanzu ba abin da zaka dogara da samunsa ba ne a kusa.

Yaran da aka sa wa bututun janye ruwa daga kai su ne suka fi kowa tara siti, duk ciwon kai ko amai sai a ce a sake. In maɗiga tana buɗe a bi su da sikanin, in ta rufe ku tambaya ko wurin suna yin gajeren emarai na minti biyar da ake yi don ganin ruwa kawai ba tare da maganin barci ba, in babu kuma yaron yana cikin mawuyacin hali a yi siti ɗin ba jayayya. Ku samu ɗan littafi ku riƙa rubuta ranar kowane hoto da irinsa da inda aka yi, ku ɗauki takardar sakamakon a waya, fim ɗin da faifan kuma a ajiye su a ambulan ɗinsu nesa da rana da danshi. Duk asibitin da aka tura ku ku tafi da su gaba ɗaya har da tsofaffin, domin likitan tiyata hoton kansa yake son gani ya kwatanta na da da na yanzu, in kuka zo da takarda kawai zai iya cewa a sake wani.